Baffa Ladan da Takardar Motarsa

Duk wanda ya san Baffa Ladan, yayan mahaifina, ya san aljihunsa ba ya rabo da takardar motar lantarkin nan da ɗansa ya aiko masa. Ko a zaman makoki sai ya zaro ta: "Kilomita ɗari ukku, caji guda! Takarda ba ta ƙarya."

Allon motar kuwa kullum ƙasa da haka yake nunawa. Kun san me ya yi? Ya manne shi da hoton kalanda. Wai allon ya cika gardama.

Mun sha gaya masa a kan kwalta mai santsi aka gwada ta, babu kaya, babu rana irin tamu. Ya ce, "Ku kunka ƙera ta ko su?"

Ran da ta tsaya masa a Dogon Daji ma bai saduda ba. Cewa ya yi, "Motar ba ta da laifi. Hanya ce anka ƙara ma tsawo."

Haushin da har yau ban huce ba na ranar ɗaurin aurena ne a Kebbe. Shi ne waliyyina, surukina kuma ya rantse ana sallame Azahar zai ɗaura, in ba mu iso ba a fasa. Na ce, "Baffa, don Allah a yi caji." Ya ƙirga tafiyar da ya yi da ita garin Sanyinna zuwa da dawowa a yatsu, ya ce, "Saura ɗari cif. Wutar banza gare ni?"

Mu biyar, ga huhun goro, ga yashi, ga rana. Muna hango Kebbe motar ta mutu murus. Wallahi na yi kuka!

Baffa ya fito daga motar. Ya tattare babbar riga, tsoho mai ciwon gwiwa, ya kama hanya a ƙasa, har wani mai amalanken shanu ya tausaya ya ɗora mu. Muka isa ana shafa addu'ar sallah. Ya karɓa mini aure yana haki, ƙafafunsa duk sun kumbura.

A hanyar dawowa ya raɗa mini: "Goron ne ya yi nauyi."

Kai, Baffa! Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ka takardarka da hannun dama.