Sanyin da Ya Ƙi Barina

A gidanmu na Wurno, Inna ba ta yafe ƙazanta. Tun muna 'yan mata ta koya mana cewa mace ba ta gama tsarki sai ta wanke ciki da waje da ruwan ɗumi, in da hali a jefa bagaruwa ko ganyen magarya cikin tukunyar. Da aka kai ni ɗakin mijina a Goronyo, cikin kayana har da ƙullin bagaruwar da ta daka da hannunta, da kwalbar miski.

Mijina manomin rani ne, albasa da shinkafa yake yi a ƙasan dam. Mutum ne mai sanyin hali, magana ba ta dame shi ba. A daminar farko da na yi a gidansa abin ya fara. Na gama al'ada, na yi wanka, sai ga wani ruwa tsinkakke, fari-fari da ɗan duhu, yana ɓata mini zane. Ba zafi, ƙaiƙayin ma kaɗan ne. Ƙarnin ne ya tayar mini da hankali, irin na kifin da ya kwana ba a gyara ba. In na tashi daga tabarma sai na waiga in ga ko wani ya yamutsa fuska.

Na kira Inna a waya na gaya mata, muryata ƙasa-ƙasa.

"Sanyi na, ɗiyata," in ji ta. "Ki ƙara tsabta. Ki riƙa zama cikin ruwan bagaruwa, ki sa miski."

Na yi yadda ta ce, har da ƙari. Buta ba ta barin hannuna. Ƙarnin yakan lafa kwana biyu, ya dawo ya fi da. Na je kemis aka ba ni kafso, na sha, na ji sauƙi, na ajiye sauran. Wata na zagayowa, shi ma ya zagayo.

A hankali na janye daga mutane. Na daina zuwa Islamiyya, don a can mata kan zauna kafaɗa da kafaɗa. Gidan suna in ya zama dole, sai in tsaya bakin murhu ina iza wuta, hayaƙi ya rufa mini asiri, ana ta yabona wai ba ni da ƙiwa. Mijina ma na fara kauce masa, saboda na lura bayan mun kusanci juna abin ya fi tashi.

"Wai mi ka damunki?" ya tambaye ni wata rana, yana wanke taɓon ƙafarsa.

"Ba komi," na ce. Bai sake tambaya ba.

Sai da na samu ciki na fara zuwa awo sannan na buɗe baki. Malamar asibitin dattijiya ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta duba ni, ta tambayi da mi nake tsarki. Na lissafa mata da ɗan alfahari, ina jiran ta yaba. Sai ta girgiza kai.

"Kin ga wurin nan, Allah ya yi shi da masu gadinsa," ta ce. "Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu amfani, su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, miyagun ƙwayoyi ba su iya zama. Duk sanda kika cusa sabulu ko bagaruwa ko turare, masu gadin kike kora. Jinin al'ada da ruwan namiji su ma suna rage tsamin, shi ya sa kike ganinsa a lokutan nan."

"To don mi shika dawowa bayan na sha magani?"

"Kin taɓa shanye shi duka?"

Na ce a'a. Ta ce miyagun sukan manne su yi yauƙi kamar na cikin randar da ta daɗe ba a kankare ba, magani ya kashe na sama, na ƙasa su sake tsirowa. Ta ce kuma namiji na iya ɗauke da su bai ji komi ba, ya mayar wa matarsa. Ta ba ni wasu ƙwayoyin magani masu ɗaci, ta ce in shanye, in wanke waje kaɗai da tsurar ruwa, in kuma zo da mai gida.

Da na gaya masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce:

"Ni lafiyata lau. Ciwon mata na. In tahi in zauna cikin masu ciki a ce mi ya kawo ni?"

Ba faɗa ya yi ba, kunya ce. Inna kuwa da ta zo duba ni ta ji an hana ni bagaruwa, ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Haihuwa nawa na yi da ita? Yanzu asibiti za a koya muna tsarki?"

Na shanye maganin. Na samu lafiya har na fara mantawa. Da cikin ya tsufa, ƙarnin ya dawo. Lokacin ana dashen albasa, gida ba kowa sai ni da girkin 'yan aiki, na ce bari a gama in koma asibiti. Ba a gama ba naƙuda ta zo mini da rana tsaka, ina tsaye kan tukunyar tuwo, cikin bai fi wata bakwai ba. Namiji ne, ɗan mitsitsi, kukansa kamar na ɗan mage. Muka naɗe shi da auduga da zannuwa. Bai kai ranar suna ba.

Bayan na yi arba'in na koma wurin malamar, na tambaye ta ko sanyin ne ya jawo.

"Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne," ta ce. "Yakan sa haihuwa ta zo da wuri. Amma akwai masu shi da ke haihuwa lafiya."

Na so ta ba ni amsa guda, kowace iri ce.

A ranar nan, mijina ne ya kai ni a babur, ya kuma shigo da kansa ba wanda ya roƙe shi. Ya karɓi nasa maganin, ya sa a aljihu, ya shanye shi tas. Ba mu taɓa zancen ba, har yau.

Daga nan abin ya ragu, amma bai tafi ba. Wani lokaci in yi watanni lafiya, in koma cikin mata, in saki jiki, sai wata safiya in ji shi. Malamar ta ce akwai matan da masu gadin nasu ba su da ƙarfi tun asali, ko likitoci ba su gama gane dalili ba, kuma ba ƙazanta ba ce. Na haifi 'ya'ya mata biyu bayan haka, lafiya lau, amma kowane ciki a tsorace na raine shi.

A watan jiya ya sake dawowa. Na hau kabu-kabu na je asibiti, aka ce malamar ta yi ritaya ta koma garinsu wajen Rabah. Wata yarinya na tarar a kujerarta, ba ta kai ƙanwata ba.

"Hajiya, tun yaushe ya fara?" ta tambaya, idonta na kan takarda.

Na rasa ta inda zan faro. Na ce, "Kwana biyu ke nan."

Ta rubuta mini ƙwayoyin nan masu ɗaci, ta kira ta gaba.