Kabewar Goggo Asabe

Shekarar da Binuwai ta cika ta ci gonakin bakin kogi a Garwa, ita ce shekarar da muka rasa Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Ku da kuka san ta, kun san ba ta taɓa ba mutum kabewa ɗungurungum ba. Sai ta fasa ta, ta kwashe 'ya'yan tas, sannan ta miƙa.

Irin kakanmu ne, daga Kano ya zo da shi: mai dogon wuya, ɓawo toka-toka, ciki ja kamar gwaiduwa, ga jure ajiya har wata damina. Miyar taushenta ko nama babu sai ka suɗe kwano. A tulu take ɓoye irin, cikin toka.

Ni ke rubuta mata wasiƙa da ajami. Wata 'yar'uwarta a Domayo ta aiko roƙon iri. Goggo ta ce, "Rubuta, bana bai yi ba."

"Goggo, ga su can jibge a rumfa. Ba na rubuta ƙarya."

"To rubuta gaisuwa kawai, ka tsawaita ta."

Maƙwabcinmu Ɗanladi mahauci ya shekara ashirin yana roƙo. Ran nan ya aiko da cinyar rago sukutum. Ta karɓa, ta yi godiya, ta aika masa da 'ya'yan kabewa cike da kofi. Soyayyu, har da gishiri.

Da ruwan ya zo, ya tafi da gonar, ya rusa ɗakin da tulun yake. Ba ta yi kuka ba, abinci ta daina ci. Tana kwance tana ce min, "A hannuna irin ya ƙare, Malam. Me zan ce wa Baba?"

Ana haka sai ga Ɗanladi da kabewa a kafaɗa, mai dogon wuya. Ya durƙusa.

"Goggo, shekara bakwai ke nan na tsinci 'ya'yan kabewarki guda uku a jujinki. A Figil nake nomawa, wurin ƙanena. Ban taɓa cin ta da daɗin rai ba."

Ta daɗe tana shafa ɓawon.

"Ɓarawo," ta ce a hankali. "Ina fata ba kusa da kabewar kasuwa ka shuka ba, ta gurɓata irin?"

"Ita kaɗai, wallahi."

"To na yafe. Kai ma ka yafe min ragonka."

Aka yi miyar taushe da kabewar, ta sha cokali biyu. Kwana huɗu bayan nan muka kai ta.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yalwata mata kabari, Ya shayar da ita daga ruwan da ba ya ɓarna.