Mai Igiya a Kasuwar Urafane

A kasuwar Urafane, can gefen kara inda ake sayar da dabbobi, wani dattijo yana tsaye da igiya rataye a wuya. Igiyar ɗaure shanu ce, mai kauri, ta yi sulɓi don shan hannu. Ban san sunansa ba. Rigarsa ta yi masa yawa, da gani kafin fari aka ɗinka ta.

Mutane na rugawa wajen motar soja mai rabon jar dawa, shi ko waiwaye bai yi ba. Ni na shekara biyu ina duban sama har wuyana ya ƙage, amma shi ƙasa yake kallo. Yana tona ta da babban yatsan ƙafa, yana duba iyakar inda ruwan jiya ya ratsa. Ina jin shanunsa ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har igiyar kaɗai ta rage.

Ga shi ya durƙusa gaban wata 'yar akuya, haƙarƙarinta duk a waje. Yana buɗa bakinta, yana shafa bayanta, sannan ya zarga mata igiyar a wuya, ragowar na ja a ƙasa.

Dillali ya ce, "Baba, tsakani da Allah, wagga ba ta kaiwa kaka."

Dattijon yana murmushi. "Ni ma haka anka ce mani bara."

Yana tafe, akuyar na biye. Na miƙe, na nufi rumfar masu irin gero.