Layi Tara da Sunana, Biyu Kaɗai Na Sani

Assalamu alaikum Edita. Tun farko bari in faɗa, ni ba da ƙafata na shiga wannan rigima ba, ja na aka yi ciki kamar akuyar da aka kai kasuwa. Ban saci na kowa ba, ban yi faɗa da kowa ba, ina zaman zamana aka ɗauki sunana aka tafi yawo da shi a gari, ni kuma aka bar ni da amsa tambaya. Haka na riƙa faɗa wa mutane wata da watanni. Sai daga baya na yarda cewa igiyar da aka ja ni da ita, ni na miƙa ta da hannuna.

Lokacin shekarata ashirin da uku, huɗu daga ciki a Alƙahira na yi su. Karatu aka turo ni, to ni da karatun muka dubi juna muka ga ba za mu daidaita ba, muka rabu lafiya ba zagi. Na dai bar sunana a wata makarantar koyon Larabci, ina leƙawa jefi-jefi don a riƙa sabunta min iƙama, wato takardar izinin zama. Ainihin sana'ata jagorar baƙi ce. Mutanenmu na Kano da Damagaram da ke zuwa ganin likita ko sarin abaya, ni ke ɗauko su daga filin jirgi, in nemo musu ɗaki, in kai su asibiti, in yi musu ciniki. Larabcin titi kam a bakina yake, ina iya tsokanar direban mikrobas, ƙaramar motar haya, har ya manta ya tsaya wa fasinja. Amma ka miƙo min Larabci a rubuce, nan take kaina zai fara sarawa.

Duk wanda ya taɓa tarbar baƙon gida ya san abu na farko da yake nema ba ruwa ba ne, layin waya ne, don ya kira ya ce ya sauka lafiya. Hajiya ta gaji, ƙafa ta kumbura, Alhaji ba ya son tsayuwa a layi, kuma babu mai son fasfonsa ya bar aljihunsa. To mu 'yan jagora mun saba, da namu sunan muke sayo musu, ana ganin hakan ma karamci ne. Akwai wani mai ɗan kantin waya a Hayyin Ashir, kusa da inda muke zaune, na ba shi kwafin fasfona da na iƙamata ya ajiye, daga baya ma ya ɗauki hotonsu a wayarsa wai don sauƙi. Ba na ko zuwa. In tura masa murya in ce ya basha, wato ranka ya daɗe, baƙo ya sauka, shi kuma ya ce tamam, an gama, in aika a karɓo. In baƙo ya gama zai koma, wani ya tafi da layin, wani ya bar wa mai gadin bene, wani ya jefar a ɗaki. Ban taɓa zuwa na rufe ko ɗaya ba.

Abokin zamana wani ɗalibin jami'ar addini ne, Ustaz muke ce masa, ɗaki ɗaya muke a hawa na shida. Shi wannan bawan Allah, ko kwafin fasfonsa zai ba dillalin gida sai ya ja jan biro a kai ya rubuta dalilin da ranar. Duk bayan wata biyu sai ya ɗauki fasfo ya tafi ofishin kamfanin layi ya ce a duba masa layi nawa ke kan sunansa. Ya kunna duk wani saƙon gargaɗi da ake kunnawa, kuma kowane ya shigo sai ya karanta har ƙasa kamar wanda zai yi jarabawa a kai. Na sa shi gaba da tsiya. Nakan ce masa Ustaz, wane ɓarawo ne zai wahalar da kansa ya saci sunan wanda dukiyarsa littafi ce da tukunyar wake? Shi dai sai ya ce suna amana ne, ya ci gaba da karatunsa.

Sau biyu Allah ya aiko min da gargaɗi ta bakinsa. Wayata tana kan tabarma muna cin abinci, saƙo ya shigo, idonsa ya kai. Ya ce min wannan fa cewa yake an yi rajistar sabon layi da fasfonka, in ba kai ba ne ka tuntuɓi kamfani. Na ce na baƙona ne. Edita, wallahi a satin nan ba ni da baƙo, kuma na san ba ni da shi. Kawai dai ina ƙyuyar hawa mota in je in tsaya a ofis, ga kuma girman kai, kar a ce yau Ustaz ya yi gaskiya. Karo na biyu saƙon ya ce an buɗe asusun tura kuɗi ta waya a kan wani layi nawa. Ya ajiye cokali ya ce yalla tashi mu je yanzu, zan raka ka. Na ce masa bukra, gobe. Wanda ya zauna a Masar ya san bukra ba rana ba ce, hanyar sallamar mutum ce cikin ladabi.

Ranar da na je sabunta iƙama da safe na tafi, ina ta ba mutanen layi dariya. Da na isa taga, ma'aikacin ya dubi na'ura, ya dube ni, ya sake duban na'ura. Maimakon ya turo min fasfona ta ƙarƙashin gilashi, sai na ga ya jefa shi a aljihun tebur ya ce in zagayo ta ƙofar gefe. Daga nan aka wuce da ni ofishin 'yan sanda, aka ce akwai ƙara a kaina. Wani jami'i ya ajiye min takarda mai ɗauke da lambar waya har tara, ya ce dukkansu da fasfona aka buɗe su, in nuna masa nawa. Na gane wadda ke aljihuna, na gane ta wani Alhaji da ya daɗe a hannuna. Sauran bakwai ɗin na zuba musu ido kamar rubutun Sinanci. Ya tambaye ni ko na ba wani izini ya buɗe layi da sunana, na ce eh amma ba duka ba. Ya ce to wanne da wanne? Da a ce ban taɓa ba kowa ba, da na rantse na ce sata ce. Amma wanda ya saba barin ƙofa a buɗe, ta ina zai ware baƙo da ɓarawo?

Ashe ɗaya daga cikin layukan nan wani ya yi amfani da shi yana cewa shi dillalin gidaje ne, ya yaudari wata mata ya karɓe abin da ta tara na kama haya ta asusun waya, ya kashe layin. Kwana biyu na yi a tsare kafin wani dattijo tela, Bahaushen Sudan da duk unguwa ke kira Kawu, ya zo ya tsaya min. Aka sake ni da 'yar takarda, fasfo kuwa aka ce sai an gama bincike. Muna fitowa na roƙe shi mu bi ta kantin wayar nan. Muka tarar an sauya fenti, wani ne daban ke matse rake a wurin. Ya ce mai kantin wayar ya tashi tun watan jiya, ma'alish, a yi haƙuri, bai san inda ya koma ba.

Sati uku bayan haka iƙamata ta ƙare, kuma ba a sabuntawa ba fasfo. Daga ranar duniyata ta koma ɗaki ɗaya da baranda. Ni da nake keta Alƙahira daga Giza zuwa filin jirgi sau biyu a rana, na dawo ina tsoron sauka sayen burodi, don in aka tare ni a shingen bincike ba ni da abin nunawa sai takardar da ke cewa ana tuhumata. In tsaya a baranda ina jin yaran mota na kiran Ashir, Ashir, ina kallon mutane suna shiga suna tafiya abinsu. Baƙi na kira daga gida suna cewa za su sauka ranar kaza, ina cewa ba na gari. Mahaifiyata ta kira ta ce me ya sa muryata ta yi sanyi, na ce mura ce. Abin da ke cin raina guda ne: in ba a wanke sunana ba, ko dai gidan yari, ko a sa ni a jirgi a mayar da ni gida da tambarin ɗan damfara, in sauka gaban tsohuwar da ta tura ni karatu. Na ƙirga fale-falen ɗakin nan har na san wanda ya tsage. Ustaz bai taɓa ce min ai na faɗa maka ba, kuma wallahi da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Wata rana bayan la'asar Kawu ya hawo benen nan yana haki, da wata mata a bayansa. Ashe ya bincika ya gano mai ƙarar tasu ce, Bahaushiyar Sudan, mijinta ya rasu, tana raɓe da 'ya'yanta a ɗakin 'yar uwarta a unguwar Hadayek el-Maadi. Ta zauna ta daɗe tana kallona. Ta ce ɗana, kai ne mai sunan? Na ce ni ne, Inna. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin ba, a waya suka yi komai, abin da ta riƙe kawai sunan da ya fito lokacin da ta tura kuɗin. Ta faɗe shi cikakke, har da na mahaifina. Ta ce wata uku ke nan duk sallah sai ta kai ƙarar wannan sunan wurin Allah. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, bai san layi ba bai san Masar ba, ga shi na sa ana ambatonsa a sujada ta wannan hanya.

Ustaz ne ya ce in ba shi wayata. Allah ya taimake ni da lalacina, don ban taɓa goge saƙo ba, suna nan jibge ba a buɗe ba. Ya zauna yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan wanda ya karanta min ran nan muna cin abinci, da rana da lokacin da aka buɗe layin. Ashe shi ne layin da aka yaudari Inna da shi. Muka duba, a wannan lokacin ina wani asibiti a Giza tun safe da wani dattijo da aka yi wa aikin ido, na sa hannu a littafinsu a matsayin mai jinya. Kawu ya samo lauya, aka karɓo shaidar asibitin, Inna ma ta je da kanta ta ce ba ta zargina. Duk da haka sai da na ƙara wata ɗaya da 'yan kwanaki a ɗakin nan kafin aka kira ni aka miƙo min fasfona. Lauyan ya ce da ranar da saƙon ya shigo na je na ce ba ni ba ne, da an rufe layin kafin a kira matar nan ko sau ɗaya. Abinta bai dawo ba har yau. Wannan shi ne abin da ban iya mayarwa wasa ba.

Don haka 'yan uwana, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kwafin fasfonka ba takardar tsire ba ce, kar ka bar shi a aljihun teburin kowa, in dole ta sa ka bayar ka rubuta dalili a kai. Saƙon da kamfani ko banki ya turo, in ba ka iya karantawa ba ka nemi wanda ya iya, ranar, ba gobe ba. Ka riƙa zuwa ana duba maka abin da ke kan sunanka ko ba ka ji komai ba, don ɓarawon suna ba ya fasa ƙofa, kana barci yana aiki. Ni yanzu tare da Ustaz muke zuwa, har na fi shi naci.

Na koma sana'ata, sai dai kowane baƙo da fasfonsa nake kai shi ya sayi layinsa. Kwanaki wani Alhaji ya sauka, ya ce shi ba zai tsaya a layi ba, in sayo masa da nawa kamar yadda aka saba. Na ce a yi haƙuri. Ya hau faɗa a gaban matarsa, wai shekara nawa yana zuwa ƙasar nan ba a taɓa yi masa haka ba, yaran yanzu ba kunya, ko kallon ɓarawo nake masa? Na bari ya gama tsaf, na ɗauki jakarsa na ce, Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, kai ranar Alhamis jirginka zai tashi, sunana kuwa a nan zai kwana. Sai ya laluba aljihu ya fito da fasfo.