Ɗan Azumi da Gasar Saɓa Mata

Ɗan Azumi mutumin Damagaram ne, direban tasi a Washington. Ya fi son ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido, don ya zaga da su gari yana shara musu ƙarya. In sun wuce doguwar hasumiyar da ke tsakiyar birnin, sai ya ce kakansa ne ya auna tsayinta da igiyar guga.

Wata rana ya ɗauki wata tsohuwa 'yar Finland. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Mu a garinmu gasar gudu baƙi ke zuwa kallo. Kowa ya saɓa matarsa a kafaɗa, ya ratsa ruwa da ita."

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Iya, wallahi kin fi ni!"

Da ya koma gida Landover, can bayan gari, ya ba matarsa Safara'u labarin. Ta duba waya, sai ga Turawa suna gudu da matansu a bidiyo.

"To maigida, durƙusa," in ji ta.

Ya saɓe ta, bai kai ƙofar kicin ba suka zube. Ya daɗe yana tuƙi da filo a ƙugu, ita kuwa ta bi maƙwabta tana cewa baɗi Finland za su.