Allon da Na Tayar Daga Kabari

Duk faɗin Jidda, daga Karantina har Abhur, ba a yi direban da lantarki yake jin tsoro kamata ba. Ni idan na harari ƙwan fitila, da kansa yake kamawa. Haka na faɗa wa babban ɗan kafilina, wato tsohon da nake wa aiki, ranar da na ji yana ba uban shawara a kawo wani direba ɗan Filifin, wai ya san inji. Iƙamata kuwa, takardar izinin zamana a ƙasar, saura ƙiris ta ƙare, kuma sa hannun tsohon ne kaɗai zai sabunta ta. In ya ƙi, sai jirgi, daga ni sai bargona.

Motar da nake ja masa a-kori-kura ce, da ita nake kai shi kamun kifi a Abhur. A rufinta ta ciki, saman madubi, akwai ɗan allo mai nuna zafin waje da korayen lambobi. Tun shigowar zafi allon ya mutu, ba wanda ya je masa ta'aziyya. Ɗan ya nuna shi da leɓe ya ce, "Yalla, ya muhandis. Ga gawa nan, tashe ta."

Muhandis fa, wato injiniya! Ni da iyakar karatuna a fannin shi ne na taɓa zama maƙwabcin mai gyaran rediyo.

Na garzaya Karantina wurin wani abokina ɗan Damagaram, shi ma mai gyaran rediyo, na ari ƙarfen liƙi da dalma. Ya riƙe ƙarfen bai saki ba. "Malam, wannan na ƙaramar wuta ne. Ka san gidajen garin nan soket iri biyu gare su. Ka duba kafin ka cusa."

Na ce, "Ni za ka koya wa wuta?"

Na kwance allon a inuwar gareji. Wata 'yar waya tana reto a bayansa ba ta haɗe da komai, na ture ta gefe don kar ta dame ni da aiki. Na cusa ƙarfen a soket na farko da na gani. Ya yi ja kamar garwashin mai tsire, ya yi tari, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Daga bene na ji 'yar aiki tana salati, injin wanki ya tsaya mata da kaya a ciki. Na leƙa na ce mata laifin kamfani ne, unguwa duka haka take.

Sai na koma hanyar kakanni. Na gasa ƙusa a murhun gas, na bi duk wani ɗigon azurfa da ke jikin allon na shafa masa dalma, mai lafiya da marar lafiya, don kar wani ya ce na yi son kai. Rabin dalmar a yatsuna ta ƙare. Gumin da na zubar ranar, da an tara shi da jirgin ruwa ya iso har ƙofar gidanmu. Da na zo mayarwa, na ga wayar nan har yanzu tana reto, na tausaya mata na cusa ta a wani rami da ya yi daidai da ita.

Na murɗa makulli. Lambobi suka fito, kore shar.

Kafin la'asar labari ya gama gidan, don ni na kai shi ɗaki-ɗaki. Ɗan ya zo ya duba, ya haɗiye yawu ya wuce. Na ce a raina, ɗan Filifin ya ci gaba da zama a ƙasarsu.

Washegari da hantsi na ɗora ƙugiyoyi da akwatin ƙanƙara, tsohon ya hau gaba yana fara'a. Uwargidansa ta rako shi bakin ƙofa. Ta leƙo ta tagar motar, idonta ya sauka a rufi.

"Arba'in da huɗu! Likita ya ce da zuciyar nan taka, in ya haura arba'in ba ka fita. Sauko."

"Allon nan ƙarya yake yi," in ji shi.

"Ƙarya? Muhandis ne ya gyara shi jiya. Ko ba haka ba, ya Hajj?"

Na buga ƙirji na ce, "Wallahi ya fi asibiti gaskiya."

Ta ce halas, magana ta ƙare, ta shige ciki ta bar ƙofa a buɗe tana jiransa. Tsohon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo gare ni. Na ga dama ta samu, na gyara murya.

"Ya ammi, babana, batun iƙamar nan..."

Ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya a hankali.

"Zan sa hannu. Ni na zare wayar nan da hannuna. Duk shekarun nan na riƙe ka ne don ba ka iya gyara komai ba, ya Hajj. Don Allah kar ka fara yanzu."