Tikitin da Malachy Tuohy Ya Aika wa Ubansa

An haifi Malachy Tuohy a ƙauyen Kilvarra na ƙasar Ailan a shekarar 1931, na biyu cikin 'ya'yan Eamon mai yanke ciyawar filin ƙungiyar ƙwallon ƙauyen. Shekara talatin da ɗaya Eamon yana wannan aiki. Burinsa ɗaya ne: ranar da ya mutu a lulluɓe akwatin gawarsa da rigar ƙungiya, 'yan wasa su jeru a gefen hanya, kamar yadda aka yi wa ubansa.

Ƙungiyar ta ƙwallon gargajiya ce, wadda ake kamawa da hannu. Dokar lokacin ta ce duk ɗan ƙungiyar da ya buga ƙwallon Ingilishi, wato ƙwallon ƙafa, ko ya je kallonta kawai, a kore shi. Har 'yan sa-ido aka naɗa, kuma Fintan, wan Malachy, yana cikinsu.

Malachy kuwa ta Ingilishin ya iya. Ya tafi Dublin dako a tashar jiragen ruwa, daga can wata ƙungiya a Ingila ta ɗauke shi. Sau huɗu ya buga wa ƙasarsa Ailan. Da wasan farko ya zo, sai ya aika wa uban tikiti. Tsoho ya ja hula har hanci, ya kutsa cikin taro, amma Fintan yana bakin ƙofa da littafinsa, ya rubuta sunan uban. Kafin mako ya zagayo an karɓe mabuɗin fili daga hannun Eamon, an kore shi daga ƙungiya.

A 1958 gwiwar Malachy ta lalace, ya dawo gida ya shiga aikin gyaran titi. Ko sannu uban bai ƙara ce masa ba.

Da Eamon ya rasu, Malachy ya sami wansa a bayan coci.

"Yaya, maganar rigar nan fa. Daga coci zuwa kabari kawai."

"Au, ɗan Sarauniya, yau ka san darajar riga?" in ji Fintan. "Ɗauko taka ta Ingila ka rufa masa mana."

"Ubanka ne fa!"

"Ubana ne. Ni na aika masa tikiti?"

Malachy ya bi 'yan wasan gida-gida. Kowa ya zuba masa shayi, kowa ya ce ba a hannunsa abin yake ba.

Ranar jana'iza hanya ta biyo da masu rakiyar gawa ta bakin fili. Ga 'yan wasan duka a ciki, sun sa atisaye daidai wannan sa'a. Malachy ya ja ya tsaya da akwati a kafaɗa, ko za su ajiye ƙwallo su fito. Ba wanda ya waiwayo.

"Mu je," in ji Fintan daga gaba. "Kana tare wa mutane hanya."